Kuɗin ƙungiyar masu sana'ar fata: yaro za a koyar, inji za a saya, ko shago za a yi wakafi?

Wannan rubutu na yi shi ne saboda 'yan'uwana dukawa da majema, da ma duk wata ƙungiyar masu sana'ar gado da Allah ya hore mata ɗan abin hannu tace za ta yi sadaka da shi don kada sana'ar ta mutu a hannunta, amma da aka zauna sai aka rasa inda za a dosa da kuɗin. Mu a tamu ƙungiyar sai da muka yi zama uku ana ja-in-ja. Karo-karon wata-wata ya ɗan taru, ga kuma wani ɗan unguwa da Allah ya buɗa masa ya kawo gudummawa yace shi albarkacin basillar mahaifinsa yake ci har gobe, a yi wa sana'ar wani abu. Dattawa suka ce a raba wa tsofaffi da marayu, matasa suka ce inji kawai, wani kawunmu kuma ya dage a kan a sayi shago, kuma wallahi kowa in ka saurare shi sai kaga yana da gaskiyarsa. Ni ne mai riƙe littafin shiga da fita, shi yasa na zauna na auna kowanne a kan sikeli ɗaya.

Kuma ba ƙaramin abu ake neman cetowa ba fa. Baturen nan matafiyi Barth da ya shigo Kano a 1851 ya tarar ana fitar da takalman Kano da jar fata har Tarabulus, kuma fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko don kawai ta can take bi ta isa gare su. Yau kuwa je ka majemar Ƙofar Wambai ko ka zaga rumfunan dukawa a Kurmi ka ƙirga masu furfura ka ƙirga samari, za ka gane abin da nake nufi ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Abin da na auna su da shi

Na farko kuɗin da abu zai ci, ba ranar saye kaɗai ba, har da abin da zai riƙa ci bayan an saya, don a nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Na biyu daɗewa: bayan shekara 10 me za a nuna a ce ga shi? Na uku sauƙin gudanarwa, saboda shugabannin irin ƙungiyoyinmu ba ma'aikatan ofis ba ne, kowa da rumfarsa da iyalinsa, duk tsarin da sai an ajiye mutum guda ya zauna yana gadinsa kullum to da wuya ya kai bara. Na huɗu haɗari, wato gobara da sata da taurin bashi, da wanda ya fi su duka muni, rigimar da za ta raba kan 'yan'uwa. Sai na biyar wanda ni a gurina shi ne uwa uba: shin abin nan zai ƙara hannu a sana'ar, ko aƙalla ya hana hannun da ke ciki fita? Don sadaka kala-kala ce kuma duk akwai lada, amma wannan kuɗi an ce na raya sana'a ne, to dole a tambaye shi abin da ya raya.

Kafin mu shiga, akwai abin da ya kamata a raba tun a bakin ƙofa. In a cikin kuɗin akwai zakka, a ware ta daban, da littafinta daban. Zakka Allah ya riga ya faɗi mutum takwas da za a ba a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, ba a sayen injin ƙungiya da ita ba a gina shago da ita. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan sadaka da gudummawa da karo-karo ne. Wanda ya kawo kuɗi a tambaye shi ƙarara: Alhaji wannan zakka ce ko kyauta? Ba rashin kunya ba ne.

Ɗaukar nauyin yara masu koyo

A nan zan fi daɗewa don nan zuciyata take. A da yaro yana tashi ne a gindin mahaifinsa ko kawunsa, yana miƙo zare yana shafa gam yana share rumfa, kafin ya farga hannunsa ya faɗa. Ba a biyansa don gidan ne ke ci da shi. Yanzu fa? Yaro ɗan shekara 16 in ya zauna koyon dukanci zai yi watanni bai iya abin da za a saya ba, alhali abokinsa da ya kama tuƙin adaidaita sahu ko ya zauna a rumfar cajin waya ko POS kullum da yamma yana komawa gida da wani abu a aljihu. Ba lalaci ne ke korar yaran nan ba, yunwa ce da kuma idon uwa da ke jiran cefane. To abin da ƙungiya za ta yi shi ne ta toshe wannan ramin: kuɗin abincin rana da na mota kullum, ɗan ihsani ga maigidan da ke koyarwa saboda fatar da yaro zai ɓata da lokacinsa da zai ci, sannan ranar yaye a ba yaro kayan aikinsa, basilla da wuƙaƙe da almakashi da guduma da dutsen wasa wuƙa da 'yar fatar da zai fara da ita.

Bari in buga misali da lissafi, ku kuma ku sa naku adadin. A ce ku 50 ne kowa na zuba naira 2,000 a wata, an samu 100,000 kenan. In ana ba yaro 1,000 a rana, kwana 26 na aiki a wata, ya ci 26,000, yara uku 78,000, ragowar 22,000 a riƙa tarawa, a shekara ta zama 264,000 na kayan yaye da ihsanin masu koyarwa. Kaga ba sai da wani attajiri ba, ƙungiyar da ba ta taɓa ganin miliyan a dunƙule ba ma za ta iya. Amma ku lura kuɗi ne mai fita kullum ba ya dawowa, kuma ba a fara shi a tsaya a tsakiya, yaron da aka ɗauka aka sake shi bayan wata biyar an cuce shi an kuma ɓata sunan ƙungiya a gurin iyayen unguwa. Saboda haka gara yara biyu da za a kai su ƙarshe da goma da za a zubar a hanya.

Wajen daɗewa babu kamarsa. Inji yana tsufa, gini yana tsagewa, amma wanda ya iya yanka fata ya iya ɗinkin gafaka da zabira da tumtum zai yi shekara 40 yana ci da shi kuma shi ma zai koyar. Gudanarwa ma ba wuya, littafin zuwa da tashi ne kawai da wani dattijo guda da zai riƙa leƙawa duk mako yana duba abin da yaro ya ɗinka da hannunsa.

Haɗarinsa biyu ne. Ɗaya yaro ya gudu, wannan kam zai faru, kada ya karya muku gwiwa, abin da ke rage shi shi ne a zauna da uba ko waliyyi a gaban mai unguwa a yi magana tun farko, kuma kayan yaye su zama sai ranar ƙarshe. Na biyun ya fi ciwo kuma na gani da idona: maigida ya karɓi yaro da kuɗin ƙungiya ya mai da shi ɗan aike, sayo shayi, kai saƙo gida, ɗauko yara daga makaranta, shekara ta zagayo yaro bai iya zare basilla daidai ba. Maganinsa a rubuta abin da ya kamata yaro ya iya bayan wata uku, bayan wata shida, bayan shekara, a riƙa gwada shi a gaban mutane. Kuma don Allah kada a ce sai 'ya'yan dukawa kaɗai, gadon nan in an kulle shi a cikin dangi to dangin ma yanzu 'ya'yansu boko da kasuwa suka nufa. A buɗe wa almajirai da marayun unguwa, a buɗe wa 'yan mata ma, don aikin ado da saƙar fata da haɗa jakar mata ana yinsa a cikin gida lafiya lau. Yaron da aka ga kansa na ja, musamman ɗan majema, ana iya ƙara masa da karatu a cibiyar nazarin fata ta NILEST da ke Samaru a Zariya ya ga yadda ake jima ta zamani, ya dawo ya haɗa da ta bagaruwa.

Sayen injin haɗaka

Wannan shi ne wanda ya fi ɗaukar ido kuma shi matasa suka fi so, kuma ban ga laifinsu ba. Keken ɗinkin fata mai ƙarfi, injin da ke rage kaurin bakin fata, injin goge ƙasan takalmi, waɗannan su ne ke raba jakar da za a saya a kanti mai gilashi da wadda za a taya a wulaƙance a bakin titi. Mutum ɗaya ba zai iya sayensu ba, ƙungiya za ta iya. In aka samu kwangilar takalman makaranta ƙafa ɗari biyar, da hannu kaɗai ba za a cika alkawari ba.

Amma kuɗinsa ba a ranar saye yake ƙarewa ba, ranar ma yake farawa. Ɗaki za a kama, wuta za a ja, kuma kowa ya san halin wutarmu, sai an haɗa da janareto ko sola, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa kunna janareto ya zama abin da sai an yi lissafi. Ga allura da bel da sauran kayan gyara da yawancinsu daga waje suke zuwa da farashin dala. Ga makanikin da ya san irin injin, wanda kafin ku saya ya kamata ku fara nemo shi ku ji ko yana gari, ba bayan ya tsaya ba.

Babban ciwonsa dai shi ne kayan kowa ba na kowa ba ne. Na san wata ƙungiya da aka ba keke mai kyau, wata shida ana rububinsa, ranar da ya lalace kowa yace ba a hannunsa ya lalace ba, yau shekara nawa yana nan an lulluɓe shi da buhu kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Wani gurin kuma injin sai ya koma rumfar shugaba a hankali a hankali har a manta na jama'a ne. In dai za a saya to a naɗa mutum ɗaya mai kula da shi wanda shi kaɗai ke kunnawa ko ya tsaya a kai, a sa ɗan kuɗin amfani ko yaya yake a riƙa tarawa don gyara, kada a ce ai sadaka ce kyauta ne, kyautar ce ke kashe shi. Sannan ku sani inji yana taimakon wanda ya riga ya iya ne, ba ya haifar da sabon baduku, su kuma majema da masu aikin sirdi da linzami da kube kusan babu abin da zai tsinana musu.

Asusun rance mara ruwa

Da yawan masu barin sana'ar nan ba don ba su iya ba ne, jari ne ya karye. An yi rashin lafiya ko biki ko an kai kaya ba a biya ba, sai mutum ya wayi gari ba kuɗin fata ba kuɗin gam, daga nan sai dako ko gadi. Rance na wata uku ko huɗu ba tare da ruwa ba yana iya tsayar da irin wannan mutum a rumfarsa. Kuɗin farawa daidai ƙarfinku ne, ko kaɗan ne ana iya somawa, kuma a ƙa'ida kuɗin yana dawowa ya tafi gurin wani.

Na ce a ƙa'ida. Abu biyu ke cinye shi. Na farko kunya: ya za ka je ka tsaya a kan wan mahaifinka kace Baba lokacin biya ya yi? Da yawa kuma da sun ji an ce kuɗin ƙungiya ne na taimako sai su ɗauka rabonsu ne ya zo. Allah da kansa a aya ta 282 cikin Baƙara yace in za a yi bashi a rubuta a kafa shaidu, to a rubuta ɗin, kowa ya zo da mai tsaya masa daga cikin 'yan ƙungiya, kuma wanda bai biya ba mai tsaya masan ma ba zai samu rance ba sai an biya. Na biyu faɗuwar darajar naira, wanda shi ba ya jin kunyar kowa. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a cikin 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Wato ko kowa ya biya cif-cif ba a ci kwabo ba, asusun da ya sayi fata ɗari bara ba zai saye ta bana ba.

Shi yasa ni na fi son a juya asusun ya zama na kaya. Ƙungiya ta sayi fata da bagaruwa da gam da zare a sari lokacin da suke araha, ta ba 'ya'yanta bashi a kan farashin da ya ɗan ɗara na sari amma bai kai na kasuwa ba, a faɗi farashin tun ranar ɗauka a rubuta, wannan ciniki ne ba ruwa ba, kuma ɗan abin da ya hau shi ke riƙe asusun kada ya zaizaye. Lokacin babbar sallah fatar layya takan yi yawa har ta yi arha, kowa ya ga yadda ƙungiyar Izala ke tara fatun layya duk shekara ta mai da su kuɗin ayyuka, to majeman da ke da kuɗi a hannu da gishirin da za su sa wa fata a wannan makon sun yi cinikin rabin shekara. Sai dai nan ma akwai aiki, ana buƙatar ɗakin ajiya mara laima da amintaccen mai riƙe mukulli, kuma fatar da ba ta sha gishiri da kyau ba kwana kaɗan za ta ruɓe ta tafi da kuɗin jama'a.

Wakafi, ko hubusi kamar yadda malamanmu ke cewa

A sayi shago ko gida ko fili a tsayar da shi, ba a sayarwa ba a kyautarwa ba a gadonsa, hayar da yake kawowa ita za a riƙa kashewa a kan sana'ar. Asalinsa sananne ne, gonar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibara ya je neman shawara Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa ya riƙe asalin ya yi sadaka da amfanin.

Kuma in ana son ganin abin da wannan dabara ke yi wa sana'a idan shekaru suka yi nisa, a dubi takwarorinmu na Landan. Ƙungiyar masu sayar da fata ta can, Leathersellers, ta samu takardar izini daga Sarki Henry na shida a 1444, a 1543 ta sayi wani fili a St Helen's cikin tsakiyar birnin, kuma har yau dukiyar gidaje irin wannan ce ke ɗaukar nauyin taimakon da take yi. A 1909 ta buɗe kwalejin koyar da aikin fata a unguwar Bermondsey, inda majeman Landan suke a lokacin. Ita ma jarrabawar City and Guilds da iyayenmu da suka yi makarantun koyon sana'a suke alfahari da takardarta, irin waɗannan ƙungiyoyi ne guda 16 suka haɗu da hukumar birnin Landan suka kafa ta a 1878. Ba karo-karon wata-wata ne ya yi wannan ba, ƙasa ce da aka saya aka hana kowa taɓawa.

To amma shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba, kuma shi ne mafi jinkirin nuna amfani. Duk abin da kuka tara zai shige cikin bulo, hayar shekara kuma ƙila yaro ɗaya ko biyu za ta iya ɗauka, ga gyaran rufi ga watannin da shago zai zauna ba ɗan haya. In sana'arku saura tsofaffi biyar suka iya wani aiki, kafin haya ta taru sun tafi da shi kabari. Haɗarinsa kuwa takarda ce. Kada a kuskura a sayi wakafi da sunan shugaba komai amanarsa, shi ba zai ci ba amma ranar da ya rasu magada za su lissafa shi cikin gado kuma kotu takarda take dubawa. A yi wa ƙungiya rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da amintattu, a sayi abin da sunanta, a rubuta sharuɗɗan wakafin a gaban malamai da shaidu, a jihohin da ke da hukumar zakka da wakafi irin Kano da Sakkwato a kai musu su ma su sani. A kuma bambance rumfar kasuwa da hukuma ta ba mutum izinin zama da shagon da yake mallaka, ta farkon ana iya tashinta ko a sake rabo. Sai gobara, duk wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris ɗin 2016 ba zai zuba dukiyar marayu a shago ɗaya ya kwanta barci ba, a nemi inshorar Musulunci ta takaful a sa kuɗinta cikin lissafi tun farko.

Tallafa wa tsofaffin masu sana'a

Wannan ba a jayayya da ladansa, mutumin da ya yi shekara 50 yana tsugune a kan fata har idonsa ya raunana haƙƙi ne a kanmu. Yana da sauƙi, ba ya cin kuɗi da yawa, haɗarinsa kawai ƙorafin an ba wane an hana wane. Amma in an raba an gama shi kenan, sana'a ba ta ƙaru da komai ba. Nan ne gurin da zakkar da muka ware za ta yi aiki ga waɗanda suka cancanta. Daga kuɗin raya sana'a kuwa abin da na fi so shi ne a ba dattijo alawus na wata a matsayin malami, ya zo sau biyu a mako ya zauna da yara ya nuna musu yadda ake riƙe kartaji, abin da majema ke kankare fata da shi, ba a huda fata ba, yadda ake gane fata ta sha bagaruwa, yadda ake fitar da ja daga karan dafi, a ɗauka a waya a ajiye. Ya samu na cefane da mutuncinsa, ba a mai da shi mai karɓar sadaka ba.

Akwai kuma masu cewa a kashe kuɗin a zuwa baje koli, irin kasuwar duniya ta Kano ko SAFEM, baje kolin sana'ar hannu ta mata da ake yi a Yamai. Yana da amfani in kuna da kaya masu kyau da kuka rasa mai saye, amma kuɗin rumfa da mota da masauki na mako ɗaya ne ya wuce, kuma mutum biyu ko uku ne ke morarsa. Ni ban sa shi a sahun gaba ba.

| Zaɓi | Kuɗi | Daɗewa | Gudanarwa | Babban haɗari | Ƙara hannu a sana'a |
|---|---|---|---|---|---|
| Yara masu koyo | kaɗan-kaɗan amma kullum | tsawon ran wanda ya koya | da sauƙi in ana leƙawa | yaro ya gudu, ko a mai da shi ɗan aike | sosai |
| Injin haɗaka | mai yawa, ga na wuta da gyara | gwargwadon kulawa | da wuya | lalacewa, mutum ɗaya ya mallake | kaɗan |
| Rance ko bashin kaya | daidai ƙarfi | in ana biya yana juyawa | sai da mai tsauri | taurin bashi, faɗuwar naira | yana riƙe na ciki |
| Wakafi | mafi tsada | har jikoki | wuya a farko, sauƙi daga baya | takarda, magada, gobara | a hankali |
| Tsofaffi | kaɗan | gajere, sai in suna koyarwa | mafi sauƙi | ƙorafin son kai | sai an haɗa da koyarwa |

To wanne ya dace da wa?

In ƙungiyarku karo-karo kawai take da shi, ba wani dunƙulallen kuɗi, ku manta da shago da inji tukuna, ku ɗauki yara biyu ko uku ku haɗa su da dattijo ɗaya mai alawus. Haka ma in aikin da kuke yi irin wanda ya kusa ɓacewa ne, kamar adon sirdi da kayan dokin hawan sallah, nan ba a jira, bana za a fara.

In kuwa kuna da matasa da yawa da suka iya aiki amma kullum ana rasa ɗaya saboda karyewar jari, bashin kaya ya fi muku komai, musamman majema da cinikinsu ke da lokaci. Sharaɗin dai a samu mutum biyu da ba sa jin nauyin tambayar bashi, in babu su a cikinku kada ku fara.

Inji na masu takalma da jaka ne da suka riga suka samu masu saye har suna mayar da aiki saboda ba za su iya cikawa ba, kuma suke zaune kusa da juna a layi ɗaya da wuta ko sola. In ba a taɓa kawo muku aikin da ya fi ƙarfin hannunku ba to lokacinsa bai yi ba.

Wakafi kuma na ranar da wani ya kawo kuɗi mai kauri a dunƙule ne, ko wani dattijo yace ga gidana ko filina na bar wa sana'a. Irin wannan kuɗi kada a yarda a gutsuttsura shi a rabe-rabe, a tsayar da shi a ƙasa, hayar ta riƙa biyan kuɗin yara, karo-karo kuma ya koma asusun kaya.

Mu abin da muka tsaya a kai a zama na uku: gudummawar ɗan unguwarmu ba ta kai kuɗin shago ba, sai muka raba ta biyu, rabi muka sayi fata da gam da zare muka buɗe bashin kaya, rabi muka ajiye a asusun banki mai sa hannun mutum uku da niyyar cikawa a sayi ɗan shago in Allah ya kawo wani mai taimakon, duk da mun san zaman da wannan ajiyar take yi faɗuwar naira na cinta, shi yasa muka sa wa'adin shekara ɗaya, in ba a cika ba ita ma ta koma fata. Karo-karo kuma ya tafi ga yara uku, biyu maza a rumfa, ɗaya yarinya marainiya da ke koyon haɗa jaka a gurin wata innarmu a cikin gida. Matasanmu ba su ji daɗin barin maganar inji ba, mun yi musu alkawarin duk ranar da suka kawo takardar odar da ta fi ƙarfin hannu za a sake zama a kanta.